Rawa da motsa jiki wajen jinyar ciwon damuwa

Ciwon damuwa cuta ce kamar sauran cututtuka. Idan baƙin ciki, rashin barci da rashin sha'awar abinci ko aiki suka wuce mako 2, ku je likita. Wani majinyaci yakan sha magani iri 2, ɗaya bayan ɗaya, bai samu sauƙi ba. Wannan ita ce damuwa mai wuyar magani.

Ga irin wannan majinyaci, akan haɗa magani da rawa. A shekarar 1942 Marian Chace ta fara wannan aiki a wani asibitin masu taɓin hankali na birnin Washinton, a Amurka. A Filinge da ƙasar Kurfai kun san masu bori sun daɗe suna girka marar lafiya da goge da ƙwarya. Sai dai rawar jinya ba ta da hawan iska. Amfaninta biyu ne: jiki ya motsa, majinyaci kuma ya fita daga kaɗaici.

Ga shawarwari:

1. Ku taru mutum 5 ko 6, mata daban, maza daban. Tafi da waƙa sun isa.
2. Ku fara da minti 10, ku riƙa ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya motsa jiki minti 150 a mako.
3. Kada ku tilasta wa majinyaci.
4. Kada ya bar magani sai da izinin likita.

Idan ya ambaci kashe kansa, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kai shi asibitin Filinge a ranar.