Iyakar Taswira da Iyakar Shari'a: Ƙasar Bagudo da Maƙwabtanta na Benin

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa iyakar da ta raba ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin ba guda ɗaya ba ce. Akwai ta taswira, wadda Turawa suka shata, akwai kuma ta shari'a, watau inda hukuncin aure da gado da bashi yake sauyawa. Ta biyun ta fi ta farkon ƙuruciya da nisa, kuma ita ce ta fi shafar magidanci da ƙaramin ɗan kasuwa.

A ran 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a Faris, suka raba ƙasar Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna a hannun Ingila. An ce iyakar ta taɓo Kogin Kwara a wuri mai nisan mil 10 sama da mashigin Illo. Ba a daɗe ba kuma Ingilishi suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu, abin da ya kai mutanenta ƙarƙashin alƙalan masarautar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa. Amma abin lura shi ne, yarjejeniyar 1906 da ta tantance iyakar ta bar wa ƙauyukan bakin iyaka haƙƙin ci gaba da amfani da gonaki da makiyaya da mashayar da suka saba, ko da sun faɗa ɗaya ɓangaren. Ke nan su kansu masu shatawar sun san layin nasu ya ratsa ta tsakiyar rayuwar jama'a guda.

A zamanin mulkin mallaka tsarin kotuna ya bambanta, amma hukuncin da talaka yake ji bai bambanta sosai ba. A ɓangaren Ingila, dokokin kotunan ƙasa na 1900 da 1906 sun bar alƙali a kan buzunsa yana hukunci da mazhabar Malikiyya, Razdan da Di'o suna duba littafinsa. A Dahome kuwa, dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan ƙauye da na lardi da na gunduma, kwamandan Bafaranshe yana shugabantar ta gunduma, masu ba shi shawara 'yan ƙasa ne, an kuma umarce su su bi al'adar masu ƙara muddin ba ta saɓa wa abin da Faransa ta kira wayewarta ba. A 1931 aka tattara al'adun a kundi guda. Saboda haka Badandiya ko Bafillatanar da ta nemi rabuwa da mijinta a Kandi, da 'yar'uwarta da ta nema a Illo, kusan magana ɗaya za a yi musu: a kira waliyyi, a nemi sulhu, in ya gagara a yi batun mayar da sadaki.

Lauya fa? Babu shi a cikin wannan labari sai can baya-bayan nan. Doka ta hana shi tsayawa gaban alƙali tun zamanin En'e, kuma dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a Afrilu 1968 ta karɓe kotuna daga hannun sarakuna, ba ta ɗage hanin ba. Sai da tsarin mulkin 1979 ya zo, sa'an nan manyan kotuna suka yanke a shekarun 1980 cewa hanin ba shi da madogara. Hukumar ba da agajin lauya ga marasa hali, wadda aka kafa a 1976, ta faro ne da manyan laifuffuka. Dokar 2011 ta ƙara faɗaɗa aikinta. Wanda ya yi wa talaka aikin lauya a duk tsawon wannan lokaci shi ne limamin da ya san rabon gado, da wakilin da mace takan tura, da mai rubuta takardar koke a bakin kotu. A ganina masu tarihin shari'a sun yi wa waɗannan mutane rowar tawada.

Rabuwar gaske ta zo ne cikin shekara huɗu kacal. A 2000 Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta bi sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. Benin kuwa ta nufi wata alƙibla dabam. A Disamba 2002 kotun tsarin mulkinta ta ce barin namiji ya tara mata ya saɓa wa daidaiton maza da mata, kuma a ran 24 ga Agusta 2004 aka zartar da sabuwar dokar iyali. Dokar ba ta san wani sabon aure ba sai na mace ɗaya wanda aka ɗaura gaban jami'in hukuma, ta kuma ce al'ada ta daina zama doka a kan al'amuran da ta ƙunsa.

Bari mu ƙaddara wa da ƙane, ɗaya ɗan Nijeriya a Lolo, ɗaya ɗan Benin a Segbana, kowanne ya yi aure bayan 2004, kowanne ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya. A kotun shari'a ta ɓangaren Kebbi matan biyu za su raba sumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, sauran a ba namiji rabon mata biyu. A kotun Kandi kuwa, matar da ke da takardar aure ta hukuma ita kaɗai ce mata, tana da rubu'i, 'ya'ya maza da mata kuma rabonsu ɗaya. Abokiyar zamanta, wadda liman ya ɗaura wa aure gaban shaidu da goro, ba ta da kaso. In babu mai takarda a cikinsu, to, a idon kotu mamacin bai bar matar aure ba. Galibi irin wannan gado ba ya isa kotu, malamai ne suke raba shi a zaure. Amma rabon zaure yana tsayawa ne muddin kowa ya yarda. Ran da magaji ɗaya ya gane cewa wata dokar ta fi ba shi, ranar ce iyali suke sanin a wace ƙasa suke.

Sha'anin ciniki ya bi irin wannan hanya. Tun zamanin da fataken goro suke ƙetare Kwara ta wajen Illo su nufi Gwanja, madugu da fatoma da dillali su ne kotun matafiyi. Yanzu Benin tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin ciniki na ƙasashe da yawa, akasarinsu rainon Faransa. Nijeriya ba ta ciki, tana da tata dokar kamfanoni ta 2020. Rajistar sunan kanti ta wannan ɓangare ba ta da amfani a wancan. Sammacin alƙalin Bagudo ba ya ƙetare iyaka, kuma yarjejeniyar miƙa masu laifi ta 1984 tsakanin Nijeriya da Benin da Togo da Gana ba ta shafi wanda ya ci bashin buhun albasa ba.

Raunin wannan hali yakan fito fili idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga 1984 zuwa 1986, aka kuma maimaita a Agusta 2019, har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda ya ba da kaya bashi a Malanbil kafin rufewar bai da takardar da wata kotu za ta karɓa, don cinikin na baka ne, sau da yawa ma kayan ba su bi ta gaban kwastan ba. Abin da ya rage masa shi ne fatoman da ya tsaya wa mai sayen, da tsoron da mai sayen yake yi kada a hana shi masauki a kasuwa ta gaba.