Daga Gardi-Sarki Zuwa Shuɗiyar Hula

A zamanin mulkin mallakar Faransa, talakan Madawa, Buza da Keita bai san mai kaki ba sai ta hanyar haraji, aikin tilas da ɗaukar soja. Gardi-sarki shi ne hannun kumandan: in ya shigo gari a kan doki, mutane su watse. Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta gaji wannan kaki tare da tsoron da ke biye da shi. Tarihin aika ƴan sanda aikin kiyaye zaman lafiya ya nuna yadda aka yi ƙoƙarin sauya ma'anarsa.

A ƙasar Kwango Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara amfani da ƴan sanda, a 1960. Na Gana ne suka fara zuwa, sannan na Nijeriya suka karɓe su. Sai dai shiri na musamman bai kankama ba sai bayan rahoton Lakhdar Brahimi na shekara ta 2000, wanda ya nemi ƙasashe su tanadi horarrun ƴan sanda tun kafin bukata ta taso. A 2004 aka buɗe ayyuka biyu a ƙasashen da ake aiki da Faransanci, wato Kotdibuwa da Hayiti, kuma ƴan sandan Nijar sun yi aiki a duka biyun. Daga baya an tura su Mali, daga 2013 har aka rufe aikin a ƙarshen 2023, da kuma Afirka ta Tsakiya.

Ba a zaɓen mutum da ganin ƙirarsa. Ka'idar Majalisar ta bukaci shekara biyar a bakin aiki, sannan tawagar masu tantancewa ta zo ta yi jarrabawa uku: harshe, tuƙin mota da harbi. A ta harshe, ɗan takara zai karanta labarin wani lamari, ya saurari wani, ya rubuta rahoto, sannan ya amsa tambayoyi baki da baki. Wanda ya haye sai a koya masa haƙƙin ɗan Adam, kare mata da yara, da ladubban zama cikin al'ummar da ba tasa ba. Makarantar Alioune Blondin Beye ta Bamako da Cibiyar Kofi Annan ta Akara, wadda aka buɗe a 2004, sun yi suna a irin wannan horo.

A nan ne lamarin ya shafi malamai. Rahoton da ɗan sanda ya rubuta a Hayiti, tushensa yana cikin ajin da ya koyi tsara jimla a Buza ko Keita. Haka kuma haƙurin sauraren ɓangare biyu ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a Adar da Gobir Tudu, inda hakimai da dattawa suka daɗe suna sasanta manomi da makiyayi kan burtali da rijiya.

Amma wannan gado ba ya tsare kansa. A watan Nuwamba na 2016, rikicin manoma da makiyaya a Bangi, cikin gundumar Madawa, ya ci rayuka aƙalla 18. Abin da ake koya wa mai tafiya waje, wato jin ƙishin-ƙishin tun da wuri, shiga tsakani da rubuta gaskiya, shi ne ake bukata a ƙauyukan kwarin Majiya. Idan wanda ya dawo da shuɗiyar hula ya adana iliminsa a akwati, an yi noma an bar amfani a gona. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ya kamata na gida ya fara ɗanɗanarsa.