Rawanin Gwani: Yadda Ƙasar Hausa Ta Karrama Masu Fasaha

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole, amma tarihin garuruwanmu ya nuna cewa magabata ba su tsaya ga yabon baki ba. Tun kafin a san bikin raba lambobin yabo a manyan ɗakunan taro, ƙasar Hausa tana da hanyarta ta ɗaukaka wanda ya yi fice a aikin hannu da na ƙwaƙwalwa, wato sarautar sana'a. A Kano da Katsina da Zariya da Damagaram akwai Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Aska, Sarkin Fawa da Sarkin Noma. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ƙarfin wannan al'ada yana cikin ɗaure girma da aiki. Duk wanda aka naɗa wa rawani, an ɗora masa nauyin yi wa gari aiki, da koyar da na baya, da tsare ingancin sana'ar. A nan ne karramawar zamaninmu ta yi rauni, domin sau da yawa takan ƙare a daren da aka miƙa kambun.

Misali mafi bayyana shi ne Malam Mika'ilu, maginin da tarihi ya sani da laƙabin Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Matsalar da ke gaban kowane magini a lokacin ita ce gajartar azara. Itacen giginya yana da ƙarfi, gara ba ta cin sa da sauƙi, amma in aka shimfiɗa shi da tsawo ƙwarai, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa shi. Dabarar maginan Hausa ita ce su dasa azara cikin bango, su jera wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Babban Gwani ya kai wannan dabara matuƙa. Ya tayar da bakuna masu tsayi suna ratsa juna bisa manyan ginshiƙai, suna ɗauke da tulluwar rufi, ya samar da fili mai faɗi da sahu-sahun masallata za su tsaya. Ya yi haka da tubali da azara, babu ƙarfe babu siminti. Sakamakonsa bai tsaya ga suna ba. Sarauta ta tabbata a gidansa, unguwa guda a birnin Zariya tana amsa sunan Babban Gwani har yau, sarakunan wasu ƙasashe kuma suka nemi gwanintar gidan, shi ya sa ake danganta Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi da Babban Gwani. Kowane sabon aiki kuwa makaranta ne ga yaran da ke cuɗa ƙasa da miƙa tubali.

Sarautar noma ta fi nuna cewa cancanta ce ginshiƙin al'adar. A yankuna da dama, musamman ƙasar Maradi da karkarar Katsina, manomi ba ya zama Sarkin Noma sai ya yi dubu, wato ya noma dami dubu na hatsi a damina guda, ya tara jama'a a gani da ido, sannan ya yi rabo. Wannan jarrabawa ce da ba a cin ta da dogon Turanci ko sanin wani babba. Rumbu ne shaida. Kuma sharaɗin rabon yana koyar da cewa ba a ɗaukaka mutum don abin da ya tara wa kansa, sai don abin da gari ya amfana da shi. Daga ranar, shi ake tambaya lokacin shuka da irin da ya dace da jigawa ko fadama, shi ke kan gaba in an kira gayya.

Mai musu zai ce duk wannan sana'ar gargajiya ce, ba kimiyya ba, don haka bai dace a haɗa ta da zancen ƙirƙira ba. Gaskiya ne magabata ba su rubuta ƙa'idojin aikinsu da lissafi irin na jami'a ba, amma duba yadda ake haɗa laso, abin da ake shafe rufi da ramin rini da shi don kada ruwa ya ratsa. Ana kwashe katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi, a busar, a ƙona, a daka, a gauraya da gashin da majema suka kankare daga fata, a zuba ruwan dafara mai yauƙi. Sharar marina da sharar majema sun zama simintin magina. Ba a kai ga irin wannan haɗi sai da gwaji da lura da gyara na tsawon zamani, kuma wannan shi ne asalin hanyar kimiyya. Haka marini yake sarrafa baba da toka da ruwa, yana jiran kwanakin da rini zai nuna, yana gane shi ta kumfa da wari. Da wannan ilimi Kano ta yi suna. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake kai tarihinta 1498, da turkuɗin garin Kura da Buzaye ke naɗawa, shaida ne. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a karɓi rabinta. Sarautun sana'a da yawa sun rikiɗe sun zama gado, ɗa yana hawa kujerar uba ko bai kai shi iyawa ba. An riƙa ɓoye ilimi a matsayin asirin gida, har wani ya bi mai shi kabari. Manyan gine-ginen sarakuna sun ci gumin bayi da talakawan da ba a tuna sunansu. Mata masu kaɗi, waɗanda zarensu ne ya ɗauki masaƙa da marina gaba ɗaya, ba su sami rawani ba. Akwai ma labarin da ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe Babban Gwani don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa, kuma yawon da labarin ya yi a bakin jama'a ya nuna mutane sun san hatsarin da ke tattare da gwanintar da ta dogara ga fada kaɗai. Duk da haka, waɗannan aibobi na rufe ƙofa ne, wato wa aka bari ya shiga. Ba su rushe ainihin hikimar ba, cewa girmamawa ta zo da aiki da almajirai. Maganin gado shi ne a buɗe gasa ga kowa, maganin asiri kuma a rubuta a koyar.

Abin da ya raunana tsarin ya zo ne ta kasuwa da mulki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo atamfar Ingila da kwanon rufi da siminti da tarkacen ƙarfe mai arha, sai masu narkar da tama suka kashe wutarsu, shuɗin kanti ya rage wa baba daraja. Hukumar En'e ta mayar da sarakunan sana'a da dama masu tara haraji. Makarantar boko kuma ta zo da nata ma'aunin, inda takardar shaida ta zama ita ce gwaninta. Masallacin Zariya kansa an kewaye shi da sabon ginin siminti a shekarun 1970, kuma wanda ya auna shi ya zana shi dalla-dalla shi ne Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda aikinsa ya sa aka gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Gwanaye ba su ƙare ba, idon da ke ganinsu a gida ne ya yi rauni. A ƙauyen Yaama na jihar Tawa a Nijar, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali, daga baya ya ƙara masa bakuna da tulluwa da hasumiyoyi huɗu. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. A Jigawa, Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta da ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, sai ya janye zafin ciki, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 ba tare da lantarki ba. A 2000 ya karɓi kyautar Rolex ta dala 75,000, ya kuma sa kuɗin wajen yaɗa tukwanen a ƙauyuka. Cibiyoyin da suka ba da kyaututtukan nan biyu duk a Geneva suke. Abin lura kuma, abin da ya sa kyautar Bah Abba ta yi amfani shi ne ta bi tsohuwar ƙa'idarmu, domin ta zo da jarin ci gaba da aiki, maginan tukwane suka sami ciniki.

Ba a rasa karramawa a gida ba. Najeriya ta kafa lambar girmamawa ta ƙasa don masana a 1979, Ladi Kwali maginiyar tukwane ta karɓe ta a 1980, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Amma lambar ƙasa tana da nisa da maƙerin da ya ƙera injin casar shinkafa a bakin kasuwa, ko matashiyar da ta rubuta manhajar da manoma ke duba farashi da ita. Irin waɗannan jiharsu da masarautarsu da jami'ar da ke kusa da su ne ya kamata su fara gano su. Idan za a yi, a yi yadda aka yi wa Sarkin Noma, a ga aikin da ido kafin a yi naɗi, ba tare da duba gidan da mutum ya fito ba, mace ce ko namiji. Sannan a yi yadda aka yi wa Babban Gwani, a ba shi aikin gwamnati na gaske, a ba shi wurin aiki da yaran da zai koyar, a sa ɗaliban kwalejin fasaha su rubuta dabararsa don kada ta zama asiri. Jihar da ta ware kuɗin bikin dare ɗaya ta sayi injuna goma daga hannun wanda take son karramawa, ta raba wa ƙungiyoyin manoma, ta yi masa abin da allon yabo ba zai yi ba, kuma shekara mai zuwa za ta sami sababbin gwanaye daga cikin yaran shagonsa.