Daga ƙarƙashin ƙofar malami zuwa ƙarfe 11:59

Jiya da dare na tura jingata ta ƙarshe a wannan zango, saura minti shida shafin ya rufe. Ina kallon fayil yana hawa kamar hawainiya, sai na tuna ba haka aka faro ba.

Yayyenmu da suka yi jami'a a shekarun 1980 da 1990, da hannu suke rubuta jinga a takardar fulskaf. Mai hali ya kai wa mai tafireta a bakin get. Wakilin aji ke tattarawa ya kai ofis, in kuwa ka makara sai ka zura ta ƙarƙashin ƙofa, ka yi addu'a kada mai shara ya riga malam shiga. Bayan wayar salula ta shigo a 2001, shagunan kwamfuta da kafe suka cika kewayen makarantu, ɗalibai na kwana a kafe don intanet ɗin dare ya fi araha. Amma ko a lokacin, bincike kawai ake yi a intanet. Aikin kansa sai an buga, an ɗaure, an miƙa hannu da hannu.

A 2002 wani ɗan Ostareliya, Martin Dougiamas, ya fitar da Moodle, manhajar da ake bayarwa kyauta, wadda yau shafukan karatun jami'o'i da yawa ke kanta. A nan gida, NOUN ce ta riga kowa sabawa. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita. Ɗalibanta sun daɗe suna jinga ta intanet, mu kuma muna musu dariya wai ba jami'ar gaske ba ce. Allah Sarki.

Korona ce ta yi mana dole. A Maris 2020 aka rufe makarantu, ASUU kuma ta shiga yajin aikin da ya kai Disamba. Da aka dawo, kowa ya ruga Moodle da Google Classroom da Zoom, wasu malaman ma WhatsApp suka tsaya.

Ni dai ba na kewar tsohon zamani, ina da dalili. A aji biyu na digirin farko wani malami ya ce bai ga takardata ba. Wakilin aji ya rantse ya kai, malam ya rantse bai karɓa ba, ni ba ni da shaida ko ɗaya. Sai da na maimaita kwas ɗin. Yanzu shafin na rubuta ranar da ka tura da mintin, ba mai musu.

Sai dai abin da aka rasa shi ma ba ƙarami ba ne. Wakilin aji ana roƙonsa ya jira ka zuwa la'asar. Sakatariya takan ce ajiye, zan sa maka a ciki. Shi kuwa shafi bai san an ɗauke wuta ba, bai san sabis ya gudu ba, bai san kuɗin data ya ƙare ba. Kuɗin da muke ba mai bugawa da mai ɗauri bai ɓace ba fa, ya koma data ne da cajin waya, kuma wanda ke turawa daga ƙauye da tsohuwar waya agogo ɗaya ake auna shi da mai laftof a cikin gari.

Jiyan ma da ya nuna an karɓa, sai da na ɗauki hoton allon sau biyu na tura wa kaina, sannan na iya barci.