Sunan Edward: Ma'anarsa, Asalinsa Da Yadda Ake Amfani Da Shi

Edward sunan maza ne, kuma yana cikin tsoffin sunayen Ingila 'yan kaɗan da har yau ake raɗa wa yara. Ya samo asali daga kalmomi biyu na tsohon Turanci: "ead", wato arziki, da "weard", wato mai tsaro. Ma'anarsa ke nan "mai tsaron arziki".

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, sunayen da suka zo da su daga Faransa, irin su William da Robert da Richard, suka mamaye ƙasar, akasarin na gargajiya kuma suka ɓace. Wanda ya farfaɗo da Edward shi ne Sarki Henry na Uku. Yana matuƙar girmama wani tsohon sarki mai wannan suna, wanda Cocin Katolika ta ayyana a matsayin waliyyi a 1161, don haka ya raɗa wa ɗansa sunan a 1239.

A nan ake yawan yin kuskure. Wannan ɗa shi ake kira Edward na Ɗaya, alhali sarakuna uku sun riga shi amsa sunan. Lissafin ya soma ne daga bayan zuwan Normandawa. Saboda haka sarakunan Ingila masu wannan suna goma sha ɗaya ne, ba takwas ba.

A zamanin Edward na Bakwai, wanda ya yi sarauta daga 1901 zuwa 1910, sojojin Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Shi kuwa Edward na Takwas ya yi murabus a watan Disamban 1936 domin ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da aurenta na baya ya mutu.

Sunan ya bazu zuwa wasu harsuna: Faransawa na cewa Édouard, Jamusawa Eduard, mutanen Sifaniya kuma Eduardo. A tsakanin dangi da abokai ana taƙaita shi zuwa Ed, Eddie, Ted ko Ned, amma ba a amfani da waɗannan a takardun hukuma.

Akwai kuma wurare masu sunan, kamar Tafkin Edward da ke kan iyakar Uganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. A shekarun 1970 an sauya masa suna zuwa na Idi Amin, amma da gwamnatinsa ta faɗi a 1979, tsohon sunan ya dawo.