Ciwon faifan wuya ga tsofaffi: yaushe ake aiki?

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne. A tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai hana su gugar juna. Idan shekaru suka ja, faifan yakan bushe, wani lokaci ya bullo ya danne jijiya. Sai ciwo ya sauka daga wuya zuwa kafaɗa da hannu, yatsu su yi sanyi ko su mutu.

Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki, ba tare da aiki ba. Amma idan cokali ya fara faɗuwa daga hannun tsoho, ko yana tangaɗi wajen tafiya, ko fitsari yana kuɓuce masa, to laka ce ta matsu. Kada a bari mai ɗori ya murɗa wuyan. Daga Lugu, a fara da asibitin Dogon Dutsi. Su ne za su tura mutum Yamai, inda likitocin ƙwaƙwalwa da laka suke.

Aikin da aka fi yi shi ne a tsaga ta gaban wuya, a cire faifan, a sa ƙashi ko roba ta musamman a gurbinsa, ƙasusuwan biyu su haɗe. Babban amfaninsa shi ne ya tsayar da ɓarnar. Ƙarfin da ya daɗe da tafiya ba lallai ya dawo duka ba.

Bayan aiki, haɗiya takan yi wuya na kwanaki, murya ta dushe. Haɗewar ƙashi tana ɗaukar watanni, shan taba kuwa yana jinkirta ta. Tulu, itace da damin hatsi, a bar wa yara har sai likita ya yarda.