Kafintocin Tandabawi

Makka kwari ce marar shuka, duk katakon da ke cikinta baƙo ne. Ko Ƙuraishawa da suka tashi sake gina Ka'aba, lokacin Annabi (SAW) yana ɗan shekara 35, katakon wani jirgin ruwan Rumawa da ya fashe a gaɓar Shu'aiba suka sayo, wani mai suna Baƙum ya yi musu aikinsa. Daga baya attajiran gari suka riƙa kawo icen saj daga Indiya da Jawa, a sauke a Jidda, raƙuma su ƙaraso da shi, a sassaƙa rawashin, tagogin nan masu ado da ke leƙo titi.

Kakanninmu ba su da kuɗin saj. Da yawansu sun baro gida ne bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Suka keta Sudan a ƙafa, suna tafe suna ƙwadago, suka tsallaka Bahar Maliya, suka yada zango a bayan gari: Jarwal, Misfala, Tandabawi. Aka kira su Takari. Ɗakunansu na farko, waɗanda ake cewa sandaƙa, da garwar kananzir da aka buɗe aka daddale aka yi su, aka kafa a jikin katakon akwatunan kaya. A nan sana'ar kafintocinmu ta samo tushe.

Na tashi na tarar da wani tsohon kafinta a lungunmu na Tandabawi, Baba kawai muke ce masa. Ban taɓa ganin ya sayi sabon katako ba. Bayan Hajji yake cika shagonsa, lokacin da 'yan kasuwa ke zubar da akwatunan shayi da na sabulu. Aikinmu mu yara shi ne zare ƙusoshi, mu miƙar da su a kan dutse da guduma, mu tara a gwangwanin tumatir. Shi kuma ya kankare katakon, ya haɗa kujerar tsugunno ta mata, da teburin mai tsire, da mirkaz, dogon bencin da dattawa ke hira a kai bayan Isha'i. In ka kifa kujerar, sau da yawa sunan kamfanin shayin yana nan ɓaro-ɓaro.

Abin da ya fi ji da shi, shi ne ɓaraguzan tsoffin gidaje. Tun da Sarki Sa'ud ya fara faɗaɗa Harami a 1955 ake rushe gidajen da ke kewaye, ƙyamare da karyayyun rawashin suna faɗowa kasuwar gwanjo. Baba zai sayo guntun da wani gwani ya zana wa fure shekaru aru-aru, ya yanka a hankali kada zanen ya ɓaci, ya ɗora a murfin akwatin amarya ko ya kewaye madubi da shi. Ta haka 'yar mai ga-ruwa ta shiga ɗakin miji da saj.

Yau katafila ta cinye yawancin unguwar, domin hanyar Sarki Abdul'aziz, aikin da ake kira Masar, ta nan ta ratsa zuwa Harami. Ba na jayayya cewa lungunanmu sun matse, mahajjata kuma suna buƙatar hanya. Amma abin yana ci mini rai: rawashin Jidda sun shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2014, ana ta gyara su, kujerun Takari kuwa da ƙasar rusau aka kwashe su a tifa.